Kawu Birki da Motoci Uku Masu Lantarki

Ƙanen mahaifiyata ne, kuma duk unguwarsu ba mai kiransa da wani suna sai Birki. Shekara ashirin da shida ya yi yana koya wa mutane tuƙi a wata 'yar tsohuwar mota mai jan harafin 'yan koyo gaba da baya. Duk wanda ya taɓa zama kusa da shi a motar nan zai gaya maka kalmar da ya fi ji daga bakinsa. Ɗalibi na murna ya iya sa giya ta uku, Kawu na cewa, "Birki." Kare na can nesa bai ko yi niyyar tsallaka titi ba, Kawu na cewa, "Birki." Mu 'ya'yan 'yan'uwansa muka haɗa masa biyun muna ce masa Kawu Birki, bai taɓa hana mu ba.

Mutum ne mai ƙyanƙyami. Ba ya shan ruwa a kofin da ba a gabansa aka wanke ba. Da hankici biyu yake fita, ɗaya na fuska ɗaya na sitiyari, domin ya ce tafin hannun mai koyo zufa yake yi kamar an matse soso. Idan abu ya ba shi ƙyama ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Leɓensa na sama ne zai ɗan ɗage, ya kau da kai gefe, ya ja tsaki siriri. Matarsa, wadda muke kira Inna, takan ce gara wani ya zage ta da Kawu ya yi mata tsakin nan.

Gwiwarsa ta hagu ce ta raba shi da aikin. Shekara da shekaru yana taka kulocin da aka ƙara masa a ɓangarensa, har likita ya ce ko dai ya bar kuloci ko ya soma neman sanda. Wata takwas ya yi a gida. Yana zaune a baranda daga safe zuwa yamma, yana kallon masu wucewa yana kushe tuƙinsu a ƙasan maƙoshi. Da masu wucewa suka yi masa kaɗan sai ya koma kan Inna, yana nuna mata cewa ba daga nan ake fara shara ba.

Wata rana da hantsi wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidan, ba wanda ya ji zuwanta. Wanda ya fito daga ciki tsohon ɗalibin Kawu ne, yanzu ya zama manajan wani shagon sayar da motoci masu lantarki. Ya durƙusa ya gai da Kawu, ya gai da Inna, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Suna neman dattijo mai natsuwa wanda zai riƙa raka masu saye su gwada mota a titi.

"Malam, wannan ba kuloci, ba giya," in ji shi. "Ƙafar dama kawai za ka yi amfani da ita. Kuma mutane in sun ga furfura sun fi yarda."

Kawu ya ji rabin farko na maganar, ya yi murna. Rabin ƙarshen sai daga baya ya gane nufinsa.

Na je wurin sau ɗaya na gani da idona. Gaban shagon duk gilashi ne daga ƙasa har sama. Farin tayil ne a ƙasa, ana goge shi sau huɗu a rana, kuma akwai wani turaren fesawa mai ƙamshin lemo da ke kama maƙogwaro tun daga bakin ƙofa. Motoci uku ne a jere ƙarƙashin fitilu, kowace da takarda a manne a gilashinta. Ma'aikatan wurin ba sa kiransu da sunayen da aka rubuta a bayansu, sai dai su ce ƙarama, matsakaiciya, babba. Kuɗin babbar zai sayi ƙaramar guda biyu. Matsakaiciyar kuwa ta ɗara ƙaramar da kamar kashi ɗaya cikin uku. Takardar ƙaramar ta ce caji ɗaya zai kai ta kilomita ɗari biyu da hamsin, ta matsakaiciyar ta ce ɗari huɗu, ta babbar ta ce ɗari huɗu da tamanin. Babbar ce kaɗai mai kujera bakwai, ita ce kuma aka ɗora a kan wani dandamali mai juyawa a hankali.

Kawu ya so motocin, har gobe ma bai ce ya daina son su ba. "Ba hayaƙi, ba baƙin mai a hannu, ba ƙara," ya ce mini ranar. "Shekara ashirin da shida ina shaƙar wari, ashe ana iya tuƙi da hanci a buɗe."

Abin da ya fara tsaya masa a wuya shi ne dokokin da Manaja ya shimfiɗa masa a makon farko. Hanyar gwaji ɗaya ce, ba a sauya ta. A fita ƙofa a yi hagu, a bi doguwar gangarar da ta kai shataletale. A gangarar nan lambar da ke allon mota, wadda ke nuna sauran kilomitar da batir zai iya, ba ta raguwa, wani lokaci ma ƙaruwa take yi, domin motar tana mayar wa batir ɗan caji in ana taka birki. A nan ake son Kawu ya nuna wa mai saye allon. A dawowa kuwa, inda ake hawa, sai ya juya allon zuwa taswira ko rediyo, ya ja mutum da hira. Ba a kunna na'urar sanyi, sai a ce iskar yau da daɗi, a sauke gilashi. Ba a ɗaukar fiye da mutum biyu. In an tambaye shi nisan da mota ke ci, kada ya ce komai, ya nuna takarda.

"Ai ba ƙarya muka yi ba, Malam," in ji Manaja. "Takardar daga masu ƙera motar ta zo."

Kawu ya kau da kai, amma ya bi.

Shi kuwa ya san gaskiyar lambobin fiye da kowa a shagon, domin shi ake aika ya kai motoci reshensu na wani gari. A doguwar hanya, da sanyi a kunne, ƙaramar ba ta taɓa ba shi fiye da ɗari da tamanin ba. Matsakaiciyar takan ba shi ɗari uku da 'yan kai. Babbar, ranar da ya ɗauki ma'aikata shida da jakunkunansu zuwa wani taro, a ɗari uku da ashirin ta soma kukan caji. Bai ga laifin motocin ba. Ya ce kowace mota haka take, in ka loda mata ta ci da yawa. Laifin a wurinsa na wanda ya sani ne ya rufe baki.

A watansa na biyar wani malamin makaranta ya zo, siririn mutum mai taka-tsantsan, wanda aka ga alama ya daɗe yana tarin kuɗi kafin ya shigo shagon. Ƙaramar kawai ƙarfinsa ya kai. Suna cikin gangara ya dubi Kawu ya ce, "Malam, tsakani da Allah, za ta kai ni garinmu? Kilomita ɗari biyu da goma ne, kuma ba wurin caji a hanya."

Kawu ya ɗaga yatsa ya nuna takardar da ke manne a gilashi.

Bayan mako uku malamin ya dawo. Motar ta mutu masa saura kilomita talatin da wani abu ya isa, yana tare da matarsa da yara biyu da kayansu, suka yi awa huɗu a rana kafin a samu motar da za ta ja su. Manaja ya zaunar da shi, ya sa aka kawo masa shayi, sannan ya nuna masa wani ƙaramin rubutu a ƙasan takardar, wanda sai an kanne ido ake karanta shi, cewa lambar ta yanayin gwaji ce. Malamin ya karanta sau biyu, ya ajiye kofin bai kurɓa ba, ya tashi. A bakin ƙofa ya ci karo da Kawu, ya ɗan russuna ya ce, "Malam, ina wuni? Ya ƙafar?" Ya wuce.

Ƙofa na rufewa Manaja ya kwaikwayi yadda mutumin ya kanne ido yana karatu. 'Yan matan da ke teburin karɓar baƙi suka ƙyalƙyale da dariya.

Ranar Kawu bai ci abinci ba. Inna ta ce sau uku ya wanke hannu kafin magariba, ya dawo ya zauna yana kallon yatsansa. Da ta matsa masa da tambaya sai ya ce, "Da zagina ya yi da na fi jin daɗi. Gwiwata yake tambaya."

Na tambaye shi daga baya me ya hana shi barin aikin tun lokacin. Bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce tsoron baranda. Wanda ya yi wata takwas yana zaune ba mai neman sa, in aka ba shi riga mai guga da makulli a hannu, ba ya saurin ajiyewa. Ya ci gaba da zuwa, sai dai ya daina cin abincin rana a shagon. Ya ce ƙamshin lemon nan ya koma masa kamar na abin da aka fesa don a rufe wani wari.

Wata biyu bayan haka wata nas ta shigo, da rigar aikinta a jiki, daga asibiti ta biyo. Ba ta tsaya kallon fitilu ba, ta faɗi buƙatarta kai tsaye. 'Ya'yanta uku, ga mahaifinta da ɓarin jikinsa ya shanye, a keken guragu yake. Duk wata takan kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a wani gari mai nisan kilomita ɗari da saba'in, su dawo a ranar. Tsohuwar motarta ta gaji, ita ma ta gaji da kwana a garejin makanike.

Manaja ya kai ta gaban dandamali mai juyawa. Ya ce wannan ai don ita aka ƙera ta. Kujera bakwai, zuwa da dawowa a caji ɗaya har da ragowar ɗari da arba'in. Ta ce kuɗin ya yi mata nauyi ƙwarai. Ya ce lafiyar mahaifi ba a yi mata ciniki. Sannan ya miƙa wa Kawu makulli.

Suka fita, ita ke tuƙi. Suka gangara, lambar ta tsaya cak kamar kullum. Da suka zagaya shataletale suka fara hawa, hannun Kawu ya tafi wurin allon da kansa, saboda sabo. Sai hannun ya tsaya a hanya. Ya mayar da shi kan cinyarsa.

"'Yata," ya ce, "Asabar kina aiki?"

"A'a, Baba. Lafiya?"

"Ki zo da su duka. Yaran, da tsohon, da kekensa, da jakar da kike tafiya da ita. Kada ki sa hannu a komai yau."

Ta ɗan dube shi ta gefen ido, ta mayar da hankali kan titi. "Akwai abin da ba a gaya min ba ke nan."

"Ki dai zo da su."

Ranar Asabar da safe tsohuwar motarta ta shigo harabar shagon tana tari. Yarinya 'yar shekara goma sha uku ta fara fitowa, sai tagwaye maza 'yan shekara takwas, sannan Nas ta ciro keken daga but ɗin bayan motar ta buɗe shi, ta taimaka wa mahaifinta ya zauna. Tsoho ne dogo, kafinta ne a da, bakinsa ya ɗan karkace amma idonsa garau. Manaja ya fito yana murmushi, yana duban Kawu ta saman kawunansu.

"Malam, ai mutum biyu ne dokar gwaji."

"Motar iyali ce ka ce," in ji Kawu. "Ga iyalin."

Dole Manaja ya ba da makulli. Aka sauko da babbar daga dandamali.

Matsala ta farko ƙasan motar ne, ya yi tudu. Sai da Kawu da Nas suka ɗaga tsohon cak, ita ta kama kafaɗu, shi ya kama ƙafafu da gwiwarsa mai ciwo, kafin ya kai kujerar gaba. Tsohon ya runtse ido har aka gama. Tagwaye suka ruga layin kujeru na uku. Da aka zo saka keken sai ya ƙi shiga, domin in kujerun bayan suna tsaye, abin da ya rage na but bai fi faɗin jakar makaranta biyu ba. Aka juya shi ta nan, aka juya ta can, aka cire matakin ƙafa, ƙofar ta ƙi rufuwa. Dole aka bar keken a shago.

Kawu ya ce a rufe gilasai a kunna sanyi, yadda za ta yi a doguwar hanya. A ƙofa ya ce ta yi dama maimakon hagu, suka hau babban titi. Allon kuma ya bar shi a kan lambar, ya ce wa yarinyar ta riƙa karanta musu. Kilomita ashirin suka yi zuwa da dawowa, lambar ta ragu da talatin. Yarinyar ta yi lissafin a kanta ta faɗa da ƙarfi.

Sun kusa dawowa ɗaya daga cikin tagwayen ya ce cikinsa na juyawa. A can baya gilashi ba ya buɗewa, sanyin ba ya kaiwa sosai, gwiwoyinsu kuma sun tokare da kujerar gaba. Kafin Nas ta samu wurin tsayawa yaron ya yi amai a kan kujera da ƙasan motar. Ya fashe da kuka don kunya, ɗan'uwansa ya toshe hanci yana dariya, yayarsu ta kai masa duka.

Da suka shigo haraba aka sauke tsohon aka mayar da shi kan kekensa, a nan gefen ƙofar motar. Manaja ya leƙa baya ya ga abin da ya faru. Murmushin ya ɓace. Ya koma ciki da sauri ya fito da gwangwanin turaren lemo, ya fesa a baya, ya fesa a tsakiya. Sannan ya zagayo ya buɗe ƙofar gaba, ya shiga fesa kujerar da tsohon ya zauna, mazauni da majingina da inda ya ɗora hannu, yana yatsina fuska. Tsohon na zaune taku ɗaya daga wurin, feshin na sauka a kan wandonsa.

Tsohon ya buɗe baki da ƙyar, maganarsa na fita a hankali. "Ɗana, ni ban yi amai ba."

Manaja ya ce, "A'a Baba, tsafta ce kawai," ya ƙara fesawa sau ɗaya.

Kawu ya ce a rayuwarsa ya ga ƙazanta iri-iri a cikin mota, amma bai taɓa ganin abin da ya ba shi ƙyama kamar wannan ba. Ya wuce bayan shago ya ɗauko bokiti da tsumma, ya durƙusa a layin baya ya kwashe aman yaron da hannunsa. Da Inna ta ba ni wannan labarin ban yarda ba sai da na ji daga bakinsa. Ya ce aman yaro ai abinci ne da ya dawo, ruwa na wanke shi.

Da ya gama ya wanke hannu a famfo, ya je ya fito da matsakaiciyar ya tsayar a gaban keken. Kujerarta daidai take da tsayin keken, tsohon ya dafa ƙofa da hannunsa mai lafiya ya zame ciki, Nas ta ɗaga masa ƙafa ɗaya kawai. Keken ya shige but a kwance, jaka ta shiga gefensa, har da sauran wuri. Yaran uku suka jeru a baya, kowa ya samu bel, gilasai biyu suna buɗewa.

Sai Kawu ya tsaya ya yi magana, a gaban Manaja, muryarsa ba ta fi ta kullum ƙarfi ba.

"'Yata, ki saurara. Ƙaramar ki manta da ita, ta cikin gari ce, keken ma ba zai shiga ba. Babbar in kin sa keke dole ki kwantar da kujerun baya, ta koma mai kujera biyar kamar wannan. Tafiyarki ɗari uku da arba'in ce zuwa da dawowa. Babbar da lodi da sanyi za ta ba ki ɗari uku da ashirin, wannan za ta ba ki ɗari uku. Duk cikinsu ba wadda za ta kai ki ta dawo da ke a caji ɗaya. To in dai dole sai an yi caji a can, me za ki biya ƙarin kuɗin nan a kansa? Ki je ki duba ko akwai wurin caji kusa da asibitin, wanda ke aiki, ki gani da idonki. In akwai, ki jona ta kuna ganin likita. In babu, ki gyara tsohuwar motarki ki haƙura da mu."

Nas ta ce, "Na gode, Baba." Ta juya wurin Manaja kamar za ta faɗi wani abu, sai ta dubi wandon mahaifinta da ya jiƙe da feshi, ta fasa. Ta kwashe iyalinta suka tafi.

Manaja ya kira Kawu ofis ya rufe ƙofa. Ya ce babbar nan wata biyar ke nan tana juyawa a kan dandamali ba mai saye, kuma daga sama ana matsa masa. Ya ce duk masu sana'ar haka suke yi. Ya ce shi ba zai iya korar wanda ya koya masa tuƙi ba, amma daga Litinin Kawu zai koma bayan shago, ya riƙa jera motocin da aka sauke yana jona su a caji, ba ruwansa da masu saye.

Kawu ya bar shi ya gama. Sannan ya ce, "Ka tuna sau biyu ka faɗi jarrabawar tuƙi? A karo na uku ka kawo min ambulan in kai wa mai jarrabawa, na mayar maka da abinka, na ƙara maka darasi goma ban karɓi komai ba. Na ɗauka a lokacin ka gane."

"Malam, wannan daban."

Kawu ya ajiye makulli a kan tebur. Rigar aikin kuwa ya kai ta gida, Inna ta wanke ta goge, aka aika musu da ita ranar Litinin.

Bayan mako shida Nas ta kira shi a waya. Ta je ta duba, akwai wurin caji a wani gidan mai da ke bayan asibitin, ta tsaya ta ga mutum biyu sun yi amfani da shi. Ta sayi matsakaiciyar. A shagon ta saya, domin a garin ba wani mai sayar da irinta. Ta ce ta yi tafiyar sau ɗaya, ta isa da ragowar ɗari da talatin, kafin su fito daga wurin likita batir ya cika. Kawu ya yi murna ƙwarai, ranar har ya ƙara abinci.

Ni ce na fara ganin hoton, daga cikin bas ina hanyar aiki. An manna shi a gilashin shagon mai kallon titi, tsayinsa ya fi mutum biyu. Tsohon ne a kan kekensa a gaban sabuwar motar, da karkataccen murmushinsa, yara uku a bayansa. Manaja na durƙushe a gefensa, ya dafa masa kafaɗa kamar ɗan da ya haifa. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe cewa su sun san abin da iyalinka ke buƙata tun kafin ka faɗa.

Nas ta ce ranar da ta karɓi motar aka ce su tsaya a ɗauki hoto na tarihi. Da ta ga abin da aka yi da shi ta koma ta ce a cire. Manaja ya tarbe ta da fara'a, ya fito da takardun da ta sa wa hannu, ya nuna mata wani layi a shafi na shida da ya ba su izinin amfani da hoton.

Na yi kwana biyu ina shawarar ko in gaya wa Kawu, a ƙarshe na faɗa masa. Washegari ya sa tufafinsa ya hau bas ya je. Bai tsallaka ba, daga wancan gefen titi ya tsaya ya kalla na ɗan lokaci, ya tofar da yawu a kwata, abin da ban taɓa jin ya yi a titi ba, ya hau bas na gaba ya dawo. Hoton ya yi wata huɗu a wurin, sai da rana ta koɗar da shi aka sauke.

Yanzu Kawu yana wata makarantar koyon tuƙi, kwana uku a mako. Ba ya shiga mota da ɗalibai. A aji yake zama da allo da dogon tsinke, yana koya musu alamomin hanya da dokar shataletale. Albashin bai kai rabin na shagon ba, ajin kuma fanka ɗaya gare shi. Shekararsa sittin da uku, gwiwar ta ɗan yi sauƙi, kuma mai makarantar ya ce in an samu ɗalibai da yawa bana zai ƙara masa ranar Alhamis.